Ingancin ƙarfe tun daga filin tsofaffin ƙarafa yake farawa

A aji an koya mana cewa baƙin ƙarfe zalla yana narkewa a digiri 1,538 na ma'aunin Salshiyas, kuma ɗan kabon da bai wuce kashi 2 cikin ɗari ba shi ke sauya masa hali. Duk haka ne. Amma da na je horon sanin makamar aiki a masana'antar narka ƙarfe, ba a fara kai ni gaban tanderu ba. Filin tsofaffin ƙarafa aka tura ni, wajen masu tantance kaya, kuma a can na fi ƙaruwa.

Tanderun lantarki yana gyara abubuwa da dama. A hura iskar oksijin, kabon ya ragu. A zuba farar ƙasa, ta janye fosfaros, wani sinadari mai rage ingancin ƙarfe, zuwa cikin kashin da ke tasowa saman narkakken ƙarfe, a kwashe. Jan ƙarfe kuwa ba ya fita ko kaɗan, domin oksijin ya fi saurin kama baƙin ƙarfe a kansa. In tsohon injin lantarki ya shige tanderu da wayoyinsa na jan ƙarfe a ciki, to sun zauna ke nan. In jan ƙarfen ya yi yawa ba za a ga aibin nan take ba, sai wajen mulmulawa, ƙarfe na ja zur a wajen digiri 1,100, bayansa ya fara tsattsagewa. Ba abin yi sai a surka da ƙarfe mai tsabta. Shi ya sa nake girmama dattijon da ke tsaye ƙarƙashin ƙaton maganaɗisun da ke ɗaga ƙarafa, yana ɗaga hannu a sauke lodi don ya hango jan waya a tsakiya. Bai taɓa shiga ɗakin gwaje-gwaje ba, amma rabin sakamakon da ke fitowa can aikin idonsa ne.

Sai ruwa. Idan ya zama tururi yakan kumbura kusan ninki 1,700, don haka jiƙaƙƙen ƙarfe ko rufaffiyar tukunyar gas cikin tanderu na iya hallaka mutane. Ko cokalin ɗibar samfuri sai an gasa shi ya bushe ƙayau kafin ya taɓa narkakken ƙarfe.

Yanzu in aka miƙo mini takardar gwaji, layin jan ƙarfe nake fara dubawa, sannan in tambayi wane lodi aka zuba.