Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Ranar da na kira tarihin dutse datti

A makon jiya mun tsaya inda aka ba ni akwati mai silaid ɗin dutse guda ashirin a karatuna na ilimin duwatsu aka ce in je in yi ta kallo sai na ga abin da zan rubuta a kai. To wallahi sati biyu na yi ina leƙa maikiroskop ba abin da na gani sai ciwon ido.

Ga wanda bai sani ba, silaid ɗin nan dutse ne ake yankowa a manna a gilashi a yi ta gogewa har kaurinsa ya koma milimita 0.03, lokacin ne haske ke iya ratsa shi. Nawa duk shist ne daga tsaunukan Sikotland, wato laka ce ta ƙasan teku tun asali, zafi da matsi suka rikiɗa ta. Cikinsu akwai ƙwayoyin ganet, wani ma'adini mai tauri, da ke fitowa manya manya a maikiroskop, kuma kowace ƙwaya cike take da wasu ɗige-ɗige a jere kamar an ja layi da allura. Ni kuwa da wayona sai na yanke hukunci cewa mai gogewar ne bai wanke gilashi ba, har na rubuta a littafina wai silaid na 6 ya lalace da datti a sake yanko wani.

Malamin da ke duba aikina ya karanta ya cire tabarau ya kalle ni ya ce, ke yanzu wannan ne datti? Na ce eh ranka ya daɗe. Ya ce to zauna, juya faifan maikiroskop ɗin a hankali ki faɗa min ina layin cikin ganet ya dosa, ina kuma na waje ya dosa.

Sai a lokacin na lura. Maikar da ke waje, wato ma'adinin nan mai falle-falle da sheƙi, duk ta kwanta gefe guda tana zagaye ganet ɗin kamar ruwa ya samu dutse a hanya, amma ɗigon da ke ciki layinsu ya karkace daban, bai bi na waje ba sam. Ashe ƙananan kwaz ne, wato ma'adinin da ya fi yawa a yashi, da wasu ma'adinai da ganet ya haɗiye yana girma, ya kulle su yadda ya same su. Ma'ana an fara matse dutsen ta wata fuska layi ya fito, sannan ganet ya tsiro ya rufe wannan layin, daga baya aka sake matsa ta wata fuskar duk na waje ya juya, na ciki kuwa ganet ya hana a taɓa shi saboda taurinsa. Matsa biyu kenan da girma a tsakani, duk a ƙwayar da ba ta kai kan ashana ba. Kunya kamar in nutse.

A silaid na 11 kuma layin ciki ya murɗe ne kamar katantanwa, alamar ana matsa dutsen ganet yana girma a lokaci guda. Malam ya ce masana sun daɗe suna musu a kan wannan, wasu na cewa ganet ne ya yi ta juyawa, wasu na cewa yana tsaye abin da ke kewaye da shi ne ya juya. Ni dai har yau na fi karkata ga na farko, amma na daina faɗa da ƙarfi.

Da aka auna sinadaran ƙwayar daga tsakiya zuwa baki sai aka ga manganis ya taru a tsakiya yana raguwa zuwa waje, magnesiyam kuma yana ƙaruwa. Haka ganet ke yi idan ya girma zafi na hawa, wato dutsen na ƙara nitsewa ƙarƙashin nauyin tsaunin da ake tarawa a samansa.

Daren nan ban yi barci ba, na zauna karanta aikin George Barrow, masanin duwatsun da ya taka tsaunukan nan na Sikotland da ƙafa ya fitar da bayaninsa a 1893 ya faɗaɗa shi a 1912. Ya gano in kana tafiya daga inda zafi bai yi yawa ba zuwa inda ya tsananta, ma'adinan na fitowa bi da bi: kulorait, bayotait, ganet, sitorolait, kayanait, sai silimanait a ƙarshe. Ba shi da ko ɗaya daga cikin injinan da muke taƙama da su yanzu. Kuma rikiɗar duwatsun nan ta faru wajen shekara miliyan 470 da suka wuce, tsaunin da ya danne duwatsun ya zaizaye tuntuni shi ya sa muke ganin cikinsa a fili.

Amma wanda ya fi kama ni shi ne na Dora Maira a tsaunukan Alps na Italiya, inda Christian Chopin ya samu kosait a cikin ganet a 1984. Kosait da kwaz sinadarinsu ɗaya, sai dai shi ba ya samuwa sai da matsin da ya kai na zurfin kilomita 90 zuwa 100. Kenan ɓawon nahiya ya nitse har can ya kuma dawo sama, abin da da yawa ba su zaci zai yiwu ba. Da yana dawowa gefen kosait ɗin ya koma kwaz ya kumbura har ya tsattsaga ganet ɗin ta kowane ɓangare, tsagar na nan ana ganinta.

Washegari na koma lab tun da sassafe da zumuɗi na ɗauko silaid na 6 ɗin nan da na raina, ina ƙoƙarin saita shi hannuna na rawa na sauke ruwan tabarau da ƙarfi, sai na ji ƙas. Kuma shi kaɗai ne aka yanka daga wannan dutsen. Yadda muka kwashe da Malam sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.