Ɓaunar da Kawu ya ƙi yarda da ita

Ranar kasuwa na raka Kawu kara a Jega. Ya tsaya gaban wani jan bijimin rahaji yana ta yaba ƙahonsa, wai bai taɓa ganin irinsa ba. Ni kuma da shegen surutu na ce, "Kawu, ai wannan ɗan maraƙi ne."

Na ciro waya na nuna masa ƙoƙon kan wata ɓauna da masana ke kira Syncerus antiquus. Tun 1851 aka yi bayaninta daga ƙasusuwan da aka tono a Aljeriya. Daga tsinin ƙaho ɗaya zuwa ɗayan yakan kai mita 3, wato ko ƙofar zaurenmu ba za ta shiga ba sai dai a rushe bango. Mutanen da suka zauna Sahara lokacin tana da ciyawa da tafkuna sun sassaƙa siffarta a jikin duwatsu, zanen yana nan har yau. Ita kam ta ƙare shekaru dubbai da suka wuce.

Kawu ya daɗe yana kallo, ya miƙo mini wayar.

"Kai yaro, wuyan wace dabba zai ɗauki wannan kaya?"

Sai ya juya wajen dillali suka ci gaba da ciniki.