Kafin in miƙa aikin ptrace

Ƙarshen watan nan zan bar sashen tafinta tsakanin Linux da FreeBSD, kuma tunda kun ce kowa ya rubuta abin da ya koya kafin ya tafi, ga nawa. Wanda zai gaji kujerata ya karanta da kyau, domin ba duk abin da ke nan zai samu a tarihin facin ba, wato gyare-gyaren da muka shigar a shirinmu.

Kun san aikinmu: shirin da aka haɗa don Linux ya yi gudu a kan kanel ɗin FreeBSD, wato zuciyar tsarin da ke tafiyar da kwamfuta, ba tare da ya gane ya sauya gida ba. Buɗe fayil da karanta shi ba su taɓa hana kowa barci ba. Inda gizo ke saƙa shi ne strace -f, wato bin sawun shiri har da 'ya'yan da ya haifa. A Linux, strace yana aiki ta ptrace, hanyar da kanel ke ba wani shiri damar sa ido kan wani: yana aiko umarnin PTRACE_SETOPTIONS da roƙon a sanar da shi duk fork da vfork da clone, wato hanyoyin da shiri ke haihuwa. Idan aka yi haihuwar ta fork, waitpid, kiran da strace ke jiran labari da shi, ya dawo masa da 0x1057f, ya tambayi lambar ɗan da PTRACE_GETEVENTMSG, shi kuma ɗan ya fara rayuwa a tsaye da SIGSTOP, siginar da ke dakatar da shiri. FreeBSD tana da nata salon, PT_FOLLOW_FORK da PT_LWPINFO, kuma babu wanda ya ɗinke biyun a wurinmu.

Da lokacin fitar da sabuwar siga ya matso, oga ya ce in sa PTRACE_SETOPTIONS ya riƙa amsa sifili, wato “an yi”, ga duk abin da aka roƙa, ko mun aiwatar ko ba mu aiwatar ba. Na ce masa, “Ranka ya daɗe, gara mu mayar da saƙon kuskure na EINVAL, mai amfani ya san ba mu iya ba.” Ya ce shi abin da yake so ya gani shi ne strace ya tashi ba kuka, sauran a gyara daga baya. Na rubuta masa damuwata a imel, bai amsa ba, aka shigar da facin da sunana a kai.

Abin da ya biyo baya kun gani. Wani kwastoma ya bi sawun make, shirin da ke haɗa manhaja, strace ya nuna masa uwar tana fork sannan tana jira, 'ya'yan kuwa shiru kamar an aiki bawa garinsu. Injiniyoyinsu suka ɗauka kayansu ne ba sa buɗe fayilolin da ya kamata, suka yi ta tonon inda ba ruwa. Ranar da gaskiya ta fito, a taron da manya ke zaune, oga ya juyo ya ce ai ptrace a hannuna yake. Imel ɗin yana wayata a lokacin. Ban buɗe ba, kuma har yau ban tabbata kawaici ne ko tsoro ba.

Gyaran na gaskiya ni kaɗai na yi shi, galibi bayan an tashi aiki. Duk tsayawar da PL_FLAG_FORKED, alamar haihuwa ta FreeBSD, ke kanta sai an mayar da ita PTRACE_EVENT_FORK ta Linux, a ajiye pl_child_pid, lambar ɗan, har sai strace ya tambaya. Idan ka bar ta ta wuce a matsayin SIGTRAP tsirara, strace zai ɗauka sigina ce ta gaske, ya miƙa wa shirin, shirin ya mutu nan take. Lambobin sigina ma tarko ne: SIGSTOP 17 ne a FreeBSD, 19 a Linux, kuma 17 ɗin a Linux SIGCHLD ne, don haka wuri ɗaya da aka manta fassarawa ya isa ya rikita komai ba tare da wani saƙon kuskure ba. Haka lambar kuskure ta ENOSYS, 78 a FreeBSD, 38 a Linux. A takardar sanar da sigar da ta biyo baya an rubuta cewa sashe ya inganta bin sawun 'ya'ya ƙarƙashin jagorancin oga. To, madalla.

Sauran a taƙaice. Kada ka yi gwaji da shiri mai ɗa ɗaya, sa make -j ya haifo da yawa lokaci guda, domin tsayawar ɗa tana iya riga sanarwar uwa isowa. Karanta rubutun shirin strace kansa, ya fi shafin bayaninsa na man faɗin abin da yake tsammani. Umarnin da aka ba ka da baki, nemi a rubuce, ka kuma saka mutum na uku a kwafi.

Abin da ban gama ba shi ne zare, wato layukan aiki da ke gudu tare a cikin shiri ɗaya. Linux na bin kowane zare da lambarsa, FreeBSD kuwa wait tana ba da lambar shirin gaba ɗaya ne, saboda haka PTRACE_O_TRACECLONE har yanzu rabi-rabi yake. PTRACE_GET_SYSCALL_INFO, wanda ya shigo a Linux 5.3 a 2019, yana aiki a wurinmu ne kawai a lokacin shiga da fita daga kiran da shiri ke yi wa kanel. Gwaje-gwajen da ke faɗuwa na bar su a kunne da gangan, kuma an riga an tambaye ni ko za a iya kashe su kafin siga ta gaba.