Hoton Iyali a Tsakiyar Marka: Inda Na Kai a Koyon Hasken Damina a Zariya

'Yan'uwa masu koyon ɗaukar hoto, tun da damina ta kankama a bana na mayar da hankalina kacokan kan abu guda, wato ɗaukar hoton mutane da yawa a waje a ranar da gari ya yi lumshi ko ake yayyafi. Abin da ya kai ni ga wannan aiki shi ne tafiyar da iyalinmu suka shirya zuwa Yankari a Jihar Bauchi cikin dogon hutun makaranta. 'Yan'uwa sun iso Zariya daga Kano da Abuja da 'ya'yansu, an yi ɗinkuna, sai marka ta sauka a watan Agusta, ana kwana ana wuni ana ruwa. Manya suka yanke shawarar a ɗage tafiyar zuwa rani, kuma hujjarsu mai ƙarfi ce, domin ban da wahalar hanya, da damina ciyawa kan yi tsawo a dajin, dabbobi kuma su bazu saboda ruwa ya wadata ko'ina, ba su da buƙatar taruwa a bakin kogin Gaji inda baƙi suka fi ganinsu. Ta haka ne gidanmu na Tudun Wada ya cika da jama'a masu sababbin kaya da ba su da wurin zuwa, ni kuwa ga ƙaramar kyamarata da gilasai biyu da ake ɗaura mata a gaba, mai zuƙowa na milimita 18 zuwa 55 da kuma na milimita 50.

Babban abin da na fahimta, wanda kuma nake so ku gwada da kanku, shi ne cewa gajimare ya fi rana tausaya wa fuskar ɗan Adam, musamman fuska irin tamu. Zariya tana kusa da digiri 11 arewa da tsakiyar duniya, saboda haka rana kan bi ta tsakar kanmu sosai sau biyu a shekara, a cikin Afrilu da kuma Agusta. Idan sama ta washe da tsakar rana, goshi da karan hanci su yi ta ƙyalli, idanu su faɗa cikin inuwa, farar shadda kuma ta yi hasken da kyamara ba za ta iya haɗa shi da baƙar fata a hoto ɗaya ba: in ka gyara don fuska, riga ta ƙone, in ka gyara don riga, fuska ta ɓace. Gajimare yakan tace hasken rana kamar yadda ƙyalle ke tace gasara, ya bar mai laushin ya sauko ta kowane ɓangare, sai tazarar da ke tsakanin wuri mafi haske da wuri mafi duhu ta ragu. A irin wannan haske ne na fara samun hoton da aikin babbar rigar Kawu, aska takwas irin ta ɗinkin hannun cikin birni, ya fito zare-zare, kuma fuskarsa ta fito da launinta na ainihi ba tare da na taɓa komai a kwamfuta ba.

Sai dai hasken lumshi yana da nasa aibin, kuma a nan na fi daɗewa ina nazari. Duk da laushinsa, daga sama yake zubowa, don haka idan mutum ya tsaya a tsakar fili, ƙarƙashin girarsa da haɓarsa su yi duhu, idanunsa kuma su rasa ɗan ƙyallin nan da ke sa hoto ya yi rai. Hula takan ƙara wa maza wannan matsala, mayafi da babban ɗauri kuma su ƙara wa mata. Maganin da ya yi mini aiki shi ne in tare hasken sama in bar na gaba ya shigo. Na sa aka ajiye wa Hajiya, kakarmu, kujera a bakin zaure, taku ɗaya daga ciki, tana fuskantar waje, ni kuma na tsaya a waje ƙarƙashin lema da wani ƙanena ya riƙe mini. Rufin zauren ya hana haske sauka a kanta, ƙofar kuma ta zama hanya ɗaya tilo da yake shiga, duhun cikin zauren ya zama bayan hoton. Na ce mata, "Hajiya, don Allah ku ɗan ɗaga haɓa kaɗan, ku dubi wajen bishiyar can." Ta gyara mayafinta, ta ce, "To, ɗan nan, yi maza ka gama, sanyin nan yana shiga mini gwiwa." Da na duba hoton, sai ga siffar ƙofar zauren ƙarama a cikin kowane idonta, ga kuma lallen da ke yatsunta a kan carbi ya fito sarai. Daga ranar na daina neman wurin da haske ya fi yawa, na koma tambayar kaina ta ina yake shigowa. Baranda, rumfar kwano a ƙofar shago, ko ƙofar gareji da aka wangale, duk suna yin aikin da zauren ya yi. Idan kuwa dole ne a tsaya a fili, farin kwali babba ko farin zanen gado da yaro zai riƙe daidai ƙirjin mutum, a wajen da kyamara ba ta gani, yakan mayar da haske sama ya cike duhun idon.

Game da saita kyamara, tsohuwar ƙa'idar nan ta f/16 ta taimake ni wajen sanin yawan hasken da ake rasawa. Idan ISO, wato ma'aunin yadda kyamara ke jin haske, yana kan 100, saurin ƙiftawar kyamara kuma yana kan 1/100 na daƙiƙa, rana mai ƙarfi tana buƙatar ƙofar haske ta f/16, gajimare mai sauƙi f/11, lumshi sosai f/8, sama mai duhu kuwa f/5.6. Lambar f ita ce ke nuna faɗin ƙofar da haske ke shiga gilashi, idan lambar ta ragu ƙofar ta ƙara buɗewa. Kowane mataki rabin hasken da ya gabace shi ne, wanda ke nufin a ranar marka kana aiki da kimanin kashi ɗaya cikin takwas na hasken rani. Jarabar da ke kama mai koyo ita ce ya buɗe gilashin milimita 50 har f/1.8 don haske ya ishe shi, amma hakan ya dace da mutum ɗaya ne kawai. Idan an yi sahu biyu ko uku, manya a kan kujeru, matasa a tsaye a baya, yara a kan tabarma a gaba, f/1.8 zai fitar da sahu ɗaya ne ya bar sauran a dishi-dishi. Na tsaya a kan f/5.6 ga sahu biyu, f/8 ga sahu uku, ina ɗora saitin gani a kan idon wanda ke tsakiyar sahun masu kujeru, ina kuma matso da sahun kusa da juna gwargwadon iko. Saurin ƙiftawa ba na barinsa ya yi ƙasa da 1/250 muddin akwai yara, domin yaro ɗan shekara uku ba ya tsayawa don kowa. Abin da ya rage a sadaukar shi ne ISO, kuma ra'ayina shi ne a sake masa mara: 400 a fili, 800 a ƙarƙashin rumfa, 1600 idan magariba ta gabato. Ɗaga ISO yana kawo tsakuwa-tsakuwa a hoto, sai dai hoto mai ɗan tsakuwa-tsakuwa amma fuska ta fito tsaf ya fi hoto mai santsi da motsi ya ɓata, kuma dangi ba sa lura da tsakuwar ko kaɗan.

Ma'aunin hasken da ke cikin kyamara yana ɗaukar duk abin da ya gani a matsayin toka-toka matsakaici. Saboda haka idan fararen riguna ko farar sama sun cika hoton, sai ya rage haske, fuskoki su ƙara duhu. Nakan ƙara masa kashi biyu cikin uku na mataki, wani lokaci mataki guda, sannan in duba jadawalin haske, wato zanen da kyamara ke nuna yawan haske da duhun hoto da shi, don in tabbatar aikin riga bai ƙone ba. Farar sama kuwa, wadda ba ta da siffa ko launi, na fi so in cire ta gaba ɗaya, in ɗan hau kan benci in sa bango ko bishiyoyi su zama baya. Launi ma sai an kula. Hasken lumshi yana karkata zuwa shuɗi, kusan 6,500 a ma'aunin launin haske na Kelvin idan aka kwatanta da kimanin 5,500 na rana, don haka nakan zaɓi alamar gajimare a wajen daidaita launi. Abin da ya fi wannan wuyar gyara shi ne koren da ganye ke zubawa a fata. Da muka fita wajen Samaru, kusa da Jami'ar Ahmadu Bello inda manyan bishiyoyi suka yi lif da damina, duk wanda ya tsaya a gindin mangwaro ko darbejiya sai kumatunsa su ɗauki kore. Da na matso da su gefen inuwar, bishiyar tana bayansu, buɗaɗɗiyar sama tana gabansu, sai koren ya koma baya inda yake da amfani.

Akwai wani haske na dabam da ba na marka ba, kuma shi ne mafi kyau da na gani a bana. Hadarin ƙasarmu daga gabas yake tasowa ya nufi yamma. Saboda haka idan ya haɗo bayan la'asar, akwai ɗan lokacin da gabas ta yi baƙi ƙirin alhali rana tana nan a yamma ba ta rufu ba, tana jefo haske mai ɗumi daga ƙasa-ƙasa. Idan ka juya wa rana baya, ka tsayar da mutanenka suna fuskantarta ta gefe, za ka same su a haskake a gaban baƙar sama, atamfa da leshi suna fitar da launin da ba su taɓa fitarwa ba. A ɓangaren da ke kishiyar rana ne kuma, wato inda baƙar saman take, bakan gizo yake fitowa, kuma sai rana ta yi ƙasa da digiri 42 daga doron ƙasa, shi ya sa ba a ganinsa da tsakar rana. Idan da asuba aka yi ruwan ya wuce, lamarin yakan juya, baƙar sama a yamma, rana a gabas. Mun sami wannan haske a gindin Dutsen Kufena ta wajen Wusasa, gonakin masara sun yi kore shar, dutsen ya yi duhu saboda jiƙewa, amma lokacin gajere ne ƙwarai, domin iska mai ƙura ce ke fara isowa, ta ɗaga mayafai ta cika idanu da ƙasa.

A nan ina so in yi magana da babbar murya, domin kyan wannan haske yana iya ɗauke hankalin mutum. Hadarin da ke ba ka baƙar sama shi ne mai ɗauke da tsawa. Sauti yana tafiyar kimanin mita 340 a daƙiƙa, ke nan daƙiƙa 3 tsakanin walƙiya da ƙarar tsawa daidai suke da kilomita ɗaya. Idan tazarar ta gaza daƙiƙa 30, a tattara a shiga mota mai rufin ƙarfe ko cikin gini, kada a fito sai an yi minti 30 ba a ji tsawa ba. Gindin bishiyar da ke tsaye ita kaɗai, da kan dutse, da buɗaɗɗiyar rumfar da na yaba a sama, babu mafaka a cikinsu. Kufena kuma dutse ne mai santsi idan ya jiƙe, don haka ban bar yaro ko babba ya hau ba, a ƙasa muka tsaya dutsen yana baya. Haka nan ragowar ganuwar birni, ta wajen Ƙofar Gayan ko Ƙofar Kuyambana, jar ƙasarta takan yi kyau a hoto bayan ruwa, amma ƙasa ce da ta sha ruwa, ba a jingina da ita ba a hawa kanta, don lafiyar mutane da kuma don ganuwar da dama zaizaya take yi.

Kare kayan aiki bai buƙaci kuɗi ba. Leda mai kauri da aka huda wa gilashi hanya aka ɗaure da roba ta isa ga yayyafi, hular gilashi kuma tana tare ɗigon ruwa. Idan aka fito daga mota mai sanyi zuwa iska mai laima, gilashi yakan yi raɓa, don haka a bar kyamara cikin jakarta a rufe na ɗan lokaci kafin a ciro ta. A gida kuwa kada a rufe ta a jiƙaƙƙiyar jaka, domin laima da duhu su ne ke sa gilashi ya yi fumfuna ta ciki. Nakan goge ta, in bar ta ta sha iska, sannan in sa ta a robar abinci mai murfi tare da ƙananan ƙunshin nan masu tsotse laima da ake samu a kwalin sabon takalmi.

Tsarin mutane ya ɗauke ni lokaci fiye da saitin kyamara. Na koyi shirya kujeru da gwada haske da yara tun kafin a kira manya, ta yadda ba za a zaunar da dattijo a cikin sanyi yana jiran mai taɓa maɓallai ba. Rana tana faɗuwa wajen ƙarfe 6:45 a watan Agusta, duhu kuma yana shigowa da sauri a ƙasarmu, ga kiran salla, saboda haka tsakanin la'asar da ƙarfe 6 ne lokacin aiki. Wasu daga cikin matan gidan sun yarda a ɗauke su bisa sharaɗin hoton ba zai wuce dangi ba, kuma na riƙe wannan amana, shi ya sa hotunan bango da dutse da sama kawai nake nuna wa abokan koyo.

Abu biyu ne ban kai gare su ba tukuna. Na farko shi ne fitar da ruwan sama kansa a hoto: a 1/60 yakan zama zare-zare, a 1/500 ya tsaya ɗigo-ɗigo, amma ba ya bayyana sosai sai bayan hoton yana da duhu kuma haske yana zuwa daga bayan ruwan, wanda ke buƙatar filasha da za a ajiye nesa da kyamara. Na biyu shi ne wankin hoto. Allon waya da na kwamfuta suna fitar da haske daga cikinsu, takarda kuwa tana jiran hasken ɗaki ne, don haka hoton Hajiya ya fito a takarda da duhun da ba na gani a allo. Aikin da na sa a gaba kafin ruwa ya ɗauke a watan Oktoba shi ne in rage hasken allona, in shirya hoto ɗaya a matakan haske daban-daban, in kai wurin wanki a Sabon Gari a buga mini su ƙanana, in jera su a hasken rana in zaɓi wanda fata ta fito daidai, kafin in ba da a buga babban da za a sa wa firam.