Tafiyar Chaplin ta zauna, saura gashin baki

Jama'a yau kam alhamdulillahi, tafiyar nan da ta hana ni barci kusan sati uku ta zauna. Waɗanda munka faro tare kun san takun Charlie Chaplin, ɗan wasan barkwancin nan na fina-finan da, nike kwaikwayo, ɗan gajeren fim ne na minti huɗu, baƙi da fari, ba magana sai kiɗa.

Wahalar duk a gudun hoton take. In na kai shi ninki 2 a CapCut, manhajar gyaran bidiyo, sai in koma kamar kazar da aka watsa ma ruwan zafi, in na bar shi yadda waya ta ɗauka kuma sai ka ga wani ƙato kawai yana yawo a lungun Tudun Wada da takalmin da ya fi ƙarfinshi, ƙanena Sani da ke riƙe min waya har cewa ya yi yaya wannan ai kamar mai ciwon basir. Raina ya ɓaci wallahi amma gaskiya ya faɗa.

Ashe kyamarar zamanin su da hannu ake juya ta, wajen hoto 16 zuwa 18 a daƙiƙa, majigi kuma ya haska da sauri fiye da haka, shi ya sa motsin ke fizga. Na raba 24, wato hoton da majigi ke haskawa a daƙiƙa, da 18 ya ba ni 1.3 da 'yan kai, na sa hakan, ya yi kusa amma da saura. Abin da ya gyara shi ni ne na rage sauri wurin ɗauka: ƙafa a buɗe waje, taku gajere, in juya kwagiri in ɗan tsaya cak, in ɗaga malfa in sake tsayawa. Tsayawar nan ita ce dariyar, da duk haɗiye ta nike yi. Ɗauka ta 14 Sani ya fashe da dariya har waya ta girgiza, dole munka sake.

Takalmin gwanjo ne lamba 47, dubu tara, har yanzu kuɗin na min ciwo, tsumma na cusa a gaba.

Gashin baki ne ya gagara. Salatif baƙi zufa na ɓalle shi kafin minti biyu, kwalli kuma ya zubo har leɓe, zafin Gusau ba ya barin komai a fuska. Gobe bayan asuba zan gwada kafin rana ta ɗaga, wanda ya san gam ɗin da ba ya cin fata don Allah ya taimaka min.