Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Bikin Bazara a Wani Ƙauyen Hunan

A makon jiya na tsaya ne a inda mai masaƙar da ke Foshan a ƙasar Sin ya shaida mini cewa leshin da muka biya wa kafin alƙalami ba zai kammalu ba sai bayan Bikin Bazara, wato bikin sabuwar shekararsu. A tsakiyar watan Janairun 2019 ke nan, kuma sabuwar shekarar Sinawa za ta kama ranar 5 ga Fabrairu. Hutun da gwamnati ta bayar mako guda ne, amma masana'antu sukan sallami ma'aikata tun kafin lokacin, kuma ba sa dawowa yadda suke sai bayan Bikin Fitilu, wato rana ta goma sha biyar ga watansu na farko.

Da na kira maigidana Alhaji a Kantin Kwari na faɗa masa, sai ya ce, "Kai yaro, wane irin biki ne zai rufe masana'anta kusan wata guda?" Na ce, "Ranka ya daɗe, ba mai masaƙar ne ya ƙi aiki ba, masu saƙar ne duk suka ɗaure kayansu." Damuwarsa tana da dalili, domin azumi zai kama a farkon watan Mayu, kwantena kuwa takan yi fiye da wata guda a teku kafin ta isa Apapa, ga kuma wahalar fitar da ita daga tasha, kuma duk kayan da bai shiga kasuwa kafin cinikin Sallah ba ya zama jarin da aka binne. Ya yanke shawarar in zauna, tun da bizata tana da sauran lokaci, domin in kasance a bakin ƙofar masaƙar ranar da za a buɗe ta.

A kan idona Guangzhou, birnin da nake zaune, ta watse. A Xiaobei da Sanyuanli, inda 'yan kasuwar Afirka suke hada-hada, shaguna suka riƙa sauke ƙofofinsu ɗaya bayan ɗaya, kowanne da jar takarda a manne wadda ke ɗauke da ranar da za a dawo. Shagunan taliyar halal da Musulmin Hui daga lardin Qinghai suke riƙe da su, waɗanda su ne madogararmu wajen abinci, yawancinsu suka rufe. Jirgin ƙarƙashin ƙasa, wanda a da sai mutum ya yi da gaske yake samun wurin tsayuwa, ya koma akwai kujeru babu kowa. Abin da ya rage shi ne kasuwannin furanni, inda 'yan asalin garin suke sayen ƙananan bishiyoyin lemo a tukunya, da hotunan alade a jikin kowane kanti, domin shekarar alade ce ke shigowa a lissafinsu. A lokacin na fahimci cewa ɗan dakon da ke jan kayana, da yarinyar da ke rubuta mini rasit, da direban da ke kai ni masaƙa, babu ɗan Guangzhou ko ɗaya a cikinsu. Hukumar ƙididdigar ƙasar ta ce a 2018 manoman da suka koma aikin albashi sun kai miliyan 288, adadin da ya zarce yawan mutanen Nijeriya gaba ɗaya.

Tafintana, wani matashi mai aiki a kamfanin da ke yi mana lodi, shi ne ya ce ba zai bar ni ni kaɗai a masauki ba, sai dai in bi shi gida. Shi ɗan wani ƙauye ne a yankin Hengyang da ke lardin Hunan, matarsa tana ɗinki a wata masana'anta a Dongguan, 'yarsu ɗaya kuma tana wurin iyayensa. A 2019 ana fara sayar da tikitin jirgin ƙasa ne kwana talatin kafin ranar tafiya ta manhajar 12306, kuma a lokacin biki yakan ƙare cikin 'yan mintoci, don haka sai da ya yi ta duba wayarsa dare da rana kafin ya samo mini wanda wani ya fasa. Kowane tikiti yana ɗauke da sunan mai shi, ni kuwa da yake fasfo nake da shi, sai da na bi dogon layi aka ba ni na takarda.

Ban taɓa ganin taron matafiya irin wanda na gani a Tashar Kudu ta Guangzhou ba. Mutane ne da buhuna da bokitai da kwalayen tukunyar lantarki da kekunan yara, kowa yana ɗauke da tsarabar shekara guda. Hukuma takan ware kwana arba'in domin wannan zirga-zirga, kuma a wannan shekara an ƙiyasta tafiye-tafiye kusan biliyan uku. Abin da ya burge ni shi ne duk da wannan cunkoso jirginmu ya tashi a daidai mintin da aka rubuta, ya ratsa Shaoguan da Chenzhou yana gudun kilomita 300 a awa, ya sauke mu a Hengyang cikin kimanin awa biyu. Tafintana ya ce mahaifinsa yana cikin dubban ɗaruruwan da suka maƙale a tsohuwar tashar Guangzhou a Janairun 2008, lokacin da ƙanƙara ta katse layin wutar jirgi a Hunan, kuma har yanzu masu ƙaramin ƙarfi tsohon jirgi suke shiga, wasu ma a tsaye suke kwana.

Titin siminti ne ya kai mu har ƙofar gidansu. Gidajen ƙauyen benaye ne masu hawa biyu da uku, an lulluɓe fuskarsu da tayil, kuma kusan dukkansu da kuɗin masana'anta aka gina su, sai dai yawancin ɗakunan a rufe suke shekara, domin babu kowa a garin sai tsofaffi da ƙananan yara. Kafin mu zauna sai da aka kai ni ofishin 'yan sanda aka rubuta sunana, domin doka ta wajabta wa baƙon da ya sauka a gidan wani ya yi rajista cikin awa ashirin da huɗu. Sanyin Hunan mai laima ne, yana shiga ƙashi, kuma gidajen kudancin Sin ba su da bututun ɗumama ɗaki irin na arewa, don haka iyali sukan zauna ne kewaye da tebur mai murhun lantarki a ƙarƙashi, a rufa bargo a kan gwiwoyi, ana shan ruwan zafi ana ɓarar 'ya'yan kabewa. Mutanen gari sun yi ta zuwa kallona, yara suna taɓa hannuna su duba yatsunsu, manya suna neman hoto. Akwai gajiya a cikin zama abin kallo, amma ban ga ƙiyayya a fuskar kowa ba, saɓanin abin da na sha gani a birni, inda wani direban tasi zai ga baƙar fata ya wuce.

Ba zan manta da alherin mahaifiyar tafintana ba. Mutanen Hunan da man alade suke girki, kuma a wannan lokaci naman alade mai hayaƙi yana rataye a kowane madafi. Da ɗanta ya yi mata bayanin addinina tun kafin mu iso, sai ta je kasuwa ta sayo sabon kasko da sabon ludayi da man gyaɗa, ta ware su domina. Ta riƙa dafa mini kifi da ƙwai da awara da ganye, da barkono mai yawa kamar yadda suke ci, ranar jajiberi kuma ta miƙo mini zakara da wuƙa ta ce in yanka da hannuna. An share mini ɗaki a sama inda nake salla babu mai shigowa. Mahaifinsa ya zuba mini farar giyarsu, wadda ƙin karɓarta yake zama kamar raini a wurinsu, amma da aka faɗa masa dalili sai ya janye kofin ya kawo shayi, shi ma ya ɗaga shayin tare da ni.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yarinyar. Shekarunta biyar, kuma da uwarta ta shigo da sabuwar jar riga ta durƙusa ta buɗe hannu, sai yarinyar ta ruga ta ɓuya a bayan kakarta. Ta san fuskar uwar a waya, domin kusan kullum suna magana ta WeChat, amma ba ta yarda ta kwana a ɗakinta ba sai da aka kwana biyu. Na ga matar ta shiga madafi tana share hawaye, kuma babu wanda ya yi mamaki, domin haka abin yake a gidajen maƙwabta.

Na tambayi tafintana me ya hana su tafi da ita. Ya ce akwai tsadar haya da tsawon lokacin aiki, domin matarsa takan yi awa goma sha ɗaya ko sha biyu a kan keke idan oda ta yi yawa, kuma a ɗakin kwanan ma'aikata take zaune. Amma babban dalili shi ne rajistar iyali da suke kira hukou, wadda aka kafa da doka tun 1958. Kowane Basine a rubuce yake a wani gari, kuma a can ne yake da cikakken haƙƙin makarantar gwamnati da tallafin asibiti. An sassauta tsarin ƙwarai a ƙananan birane, amma a manya irin su Guangzhou sai mutum ya tara maki ta hanyar ilimi da shekarun biyan inshora kafin ɗansa ya samu gurbi, kuma jarrabawar shiga jami'a da ake yi a watan Yuni, wadda ita ce ke yanke makomar yaro, akasari a lardin da aka yi masa rajista yake zauna ta.

Mu ma mun san ci-rani, domin mahaifina ya yi shi a Legas. Amma namu magidanci ne yake tafiya bayan girbi ya dawo kafin damina, uwa tana gida da 'ya'yanta. Nasu miji da mata ne suke tafiya tare, shekara bayan shekara, har ƙuruciyar yaro ta ƙare a hannun tsohuwar da ba za ta iya duba masa aikin makaranta ba. A ganina wannan ba adalci ba ne, kuma birnin da ya karɓi ƙarfin mutum ya kamata ya karɓi ɗansa. Na faɗa wa tafintana haka, bai musa ba, sai dai ya ce in saurari mahaifinsa. Tsohon ya ce yana yaro a wajajen 1960 ya ci ɓawon itace saboda yunwa, ya girma yana kai wa gwamnati harajin shinkafa har aka soke shi a 2006, yanzu kuwa ga titi ga wuta ga ɗan kuɗin tsufa da ake ba shi duk wata. Ya ce jikarsa za ta yi jami'a, kuma ba za ta zauna a kan keken ɗinki ba. Ban canza ra'ayina ba, amma na gane cewa su da idonsu a buɗe suke biyan wannan farashi.

Daren jajiberi an manna jajayen rubuce-rubuce a ƙofofi, an ajiye abinci da turare a gaban hotunan kakanni, wanda na koma gefe har suka gama, sannan aka ci abinci ana kallon shirin talabijin na ƙasa da ake yi kowace shekara tun 1983. Da sha biyun dare ta yi, ƙarar tartsatsin wuta ta cika kwarin har hayaƙi ya rufe fitilu. Na ba yarinyar jar ambulan da sababbin takardun kuɗi, bayan an gargaɗe ni in kauce wa lamba huɗu, wadda suke camfawa. Abin da ban so ba shi ne cacar majan da samari suke kwana a kai, inda wani yakan zubar da albashin wata guda, da kuma yadda dangi suke titsiye kowa da tambayar nawa yake samu da yaushe zai yi aure.

Rana ta shida ga sabuwar shekara muka juyo a motar wani ɗan uwansu, da asuba, domin uwar ta ce ba za ta iya tafiya yarinyar tana kallo ba. Kakar ta cika bayan motar da ƙwai da shinkafa da man girki, ta ba ni kwalbar dakakken barkono ta ce babu abin da ya taɓa ta. An buɗe masaƙar bayan 19 ga Fabrairu, amma ma'aikata da yawa ba su dawo ba, wasu sun samu aiki kusa da gida, har mai masaƙar ya kafa allo a bakin titi yana neman sababbi. Sai a cikin watan Maris aka loda kwantenarmu a tashar Nansha. A mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan kawo yadda ta kaya tsakanina da Alhaji a kan kuɗin dakon da ya ƙaru, da dalilin da ya sa ya tura ni birnin Yiwu.