Maraya a aji biyar bai iya haɗa baƙi ba: aikin sa-kai a ƙauyukan Kibɗawa na Minya

Da muka fara zagayen gidajen iyalan da ke da marayu a ƙauyukan Kiristoci Kibɗawa na lardin Minya, a kudancin Masar, mun zaci kuɗin makaranta ne matsalar. Ashe shi ne mai sauƙin. Makarantar gwamnati ba ta da tsada. Abin da ke cin aljihu shi ne darasin bayan an tashi, wanda suke kira durus khususiyya. Aji ya cika maƙil, malami ba ya kai wa kowa, sai yaro ya biya kafin ya fahimci abin da aka wuce da safe. Matar da mijinta ya rasu ba ta da wannan kuɗin, balle bayan faɗuwar fam ɗin Masar a 2016 da 2024.

Limamin coci, wanda kowa ke kira Abuna, shi ke ba mu sunayen gidaje, don ba a faɗa wa gidan mai takaba haka kawai. Ziyarar farko mutum biyu muke zuwa, ɗaya mace. Mu duba takardar haihuwar yaro da ta mutuwar uban, domin in babu su, neman tallafin Takaful wa Karama, wanda gwamnati ta fara a 2015, tsayawa yake. Ɓangaren Takaful yana da sharaɗin yaro ya halarci makaranta kashi 80 cikin 100 na kwanakin karatu, saboda haka muna rubuta fashinsa.

Daga nan sai gwaji, kuma nan ne ido ke raina fata. Muna miƙa wa yaro takarda mai hawa uku: baƙaƙe zalla, kalmomi goma, sai gajeren sakin layi daga littafin aji biyu. Ɗan aji biyar zai rero maka shafin littafinsa tiryan-tiryan, amma ka ɗora yatsa a kan kalma ɗaya a tsakiya, sai ya yi tsuru-tsuru. Hadda ce. Larabcin Sa'id, wato karin harshen kudancin Masar, yake ji a gida, littafi kuwa da fusha, daidaitaccen Larabci, aka rubuta, ga wasulan da ake daina sawa yana ƙara aji. Irin wannan yaro, biya masa darasin jarrabawa zuba ruwa ne a rariya. Baya muke komawa da shi: yara shida zuwa takwas a ɗakin coci, minti 45, sau uku a mako, a raba su bisa abin da suka iya, ba bisa shekaru ba. Kuskurenmu na farko shi ne haɗa ɗan shekara 12 da ƙananan yara. Kunya ta kore shi cikin mako biyu. Manyan yanzu da yamma suke zuwa, su kaɗai.

Tsabar kuɗi kuma mun daina bayarwa. Ba don uwar za ta ci ba, a'a, magani da bashin kanti ne ke rigan littafi. Mukan sayi jaka, takalmi da kayan makaranta da kanmu.

Afrilu da Mayu ne lokacin tsoro: girbin alkama yana haɗuwa da shirin jarrabawa. Yara maza kan tafi gona ko wurin fasa farin dutse a gabashin Nilu, su dawo furu-furu da ƙura har gashin ido. 'Yan mata kuwa, maganar aure takan taso bayan shekara uku na i'dadiyya, wato ƙaramar sakandare, musamman in babbar sakandare tana wani gari. A nan kuɗin mota na wata-wata da zama da kawun yarinyar, tun kafin sakamako ya fito, sun fi duk wata nasiha aiki.